Rufin Da Ba Ya Karɓar Walda

A birnin Kano akwai wani direba, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ya yi shekara 12 yana tuƙa motar mutane kafin ya sami tasa ta kansa. Motar da ya saya ba sabuwa ba ce, irin waɗanda a ke shigowa da su ta Kwatano ce bayan sun gama shan wuya a Amurka. Rabin kuɗin ya biya da guminsa, sauran kuwa ƙanen mahaifinsa ne ya ranta masa, bisa sharaɗin ya riƙa biya wata wata. Abin da ya ja hankalinsa gare ta shi ne rufinta, gama yana da tudu kamar tozon bijimi, har mutum ya kan iya miƙewa kusan tsaye a ciki. Da ita ya ke kai masu sayar da atamfa kasuwannin mako, ran Alhamis Maigatari, ran Juma'a Wudil.

Ya kamata mai karatu ya san asalin irin wannan rufi, don kuwa ba da shi a ke ƙera motar ba. Manyan kamfanoni kamar su Ford da Chevrolet su kan ƙera ta da rufin ƙarfe shimfiɗaɗɗe. Sa'an nan waɗansu ƙananan masana'antu, da yawansu a garin Elkhart cikin Jihar Indiyana, su saye ta, su yanke rufin, su bar ɗan leɓe kewaye, su kifa wani rufi mai tudu a kansa, su ɗaure da sukurori, su toshe tsakani da danƙo. Wannan sana'a ta bunƙasa ƙwarai a shekarun 1970 da 1980. Shi rufin da a ke kifawa da faiba a ke yinsa, watau zaren gilashi mai laushi kamar auduga, wanda a ke jiƙawa da wani ruwa mai kauri kamar ƙaro, in ya daskare su zama abu guda. A Amurka aka gano yadda za a yi zaren da yawa cikin shekarun 1930, a 1953 kuwa aka fito da mota mai suna Corvette wadda jikinta na faiba ne. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, amma ba ya lanƙwasa kamar ƙarfe, tsagewa ya ke yi, kuma ba ya karɓar walda.

Direban nan bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wata rana da bazara, yana ƙoƙarin shiga inuwa a bakin kasuwa, sai reshen wata tsamiya ya bugi goshin rufin. Ya sauko ya duba, ya ga 'yar tsaga ce wadda ba ta fi tsawon yatsa ba. Ya shafa ta, ya ce ai wannan ba kome, ya hau ya yi gaba.

Ashe sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da damina ta kankama, cikin watan Agusta, wata Hajiya ta ɗora masa dila biyu na atamfa daga Kantin Kwari. Suna hanya ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Ko da suka isa aka sauke kaya, sai aka tarar ruwa ya bi ta cikin silin ya sauka a kan dila guda, turmi takwas sun jiƙe da jan ruwan tsatsa. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi kurum ta ce, "Malam, shekara uku ina ba ka amanar kayana." Maganar nan ta fi masa zagi ciwo. Ya biya kuɗin turamen, wannan wata kuwa bai iya kai wa baffansa ko kwabo ba. Mako na zagayowa sai ya ga Hajiya ta ɗora kayanta a motar wani.

Sai ya shiga 'yan dabaru. Da fari ya narka kwalta ya shafa, yadda a ke yi wa kwanon ɗaki. Rana ta buga, kwalta ta narke ta zubo a gilashi, yoyo bai tsaya ba. Sa'an nan ya sayi gam ɗin nan da a ke kira silikon, ya bi gefen rufi duka ya lafta. Ya yi mako biyu lafiya, a na uku ya fara ɓamɓarowa kamar fatar maciji. Ya je wurin mai walda, mai walda ya ƙwanƙwasa rufin ya yi dariya, ya ce wuta ba ta da aiki a nan sai ƙonawa. Shi ne ya kwatanta masa wani dattijo a bayan gareji, wanda ya koyi aikin faiba wajen gyaran jiragen ruwa a Legas.

Dattijon ya zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba. Can ya tambaya, "Ɗana, ta ina ruwan ke ɗigowa?" Direba ya nuna masa bayan mota, ya ce, "Ta nan, Baba." Dattijo ya ce, "Nan ya ke fita, ba nan ya ke shiga ba. Ruwa matafiyi ne." Ya sa aka kwance silin, ya shigar da direban ciki da tocila, ya ba yaronsa mesa ya ce ya fara zuba ruwa daga ƙasa, daga saman ƙofofi, ya daɗe a ko wane wuri kafin ya hau sama. Dalili kuwa, in aka fara daga ƙoli ruwa zai lulluɓe ko'ina, ba za a gane ƙofar da ya bi ba. Da haka suka gano ɓaraka uku: tsagar goshi, da sukurori shida da suka ci tsatsa, da mahaɗar rufi da jikin mota inda tsohon danƙo ya bushe ya farfashe.

Dattijo ya bayyana masa abin da ya kawo haka. Ƙarfe da faiba duka su kan miƙe da zafi su tsuke da sanyi, amma ba daidai da juna ba. Kullum rana ta fito ta faɗi sai sun ja juna, ga kuma girgizar hanya. Danƙon da ke tsakani shi ke shan wannan wahala, in ya tsufa ya daina miƙewa sai ya rabu da su. Game da silikon kuwa ya ce aibinsa uku ne: fenti ba ya kama shi, sabo ba ya kama tsoho, irin mai warin tsami kuma ya kan taimaki tsatsa ta ci ƙarfe.

Direba ya ce a yi aikin yau yau. Dattijo ya ƙi. Ya ce faiba ba ta shiri da laima, in aka rufe tsaga da danshi a ciki an rufe cuta ke nan. Ya manna masa leda mai kauri a kan goshin, ya ce ya lallaɓa, ya daina ɗaukar kayan da ruwa ke ɓatawa, ya komo bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙurar hunturu ta sauko, gama ita ma ƙura maƙiyiyar fenti ce. Wata biyu direban nan yana jigilar buhunan gawayi da robobi, riba kaɗan, yana kallon abokan cinikinsa a motocin waɗansu.

Ƙarshen Oktoba ya komo. Kwana biyu na farko ba a ɗora kome ba, cirewa kurum a ke yi. Aka zare robar da ke rufe kawunan sukurori, aka kwance su ɗaya ɗaya, aka kankare kwalta da silikon da tsohon danƙo har ba sauran ɓurɓushi. Inda indararon motar ya yi tsatsa aka goge da buroshin ƙarfe sai da farin ƙarfe ya bayyana, aka shafa fentin da ke hana tsatsa. A cikin rufin kuma aka tarar wani katako da aka binne don ƙarfafa shi ya ruɓe, aka sake shi. Direba ya ƙosa, ya ce, "Baba, yaushe za a fara gyaran?" Dattijo ya ce, "Ai shi mu ke yi. Manni ba ya kama dauɗa."

Rana ta uku da sassafe, a inuwa, aka taɓa tsagar. Dattijo ya huda ɗan rami a ko wane ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya. Sa'an nan ya goge gefunanta da samfefa mai kaushi, ya yi musu gangare mai faɗi, kamar sau 12 na kaurin rufin, har tsagar da ba ta fi yatsa ba ta zama fili kamar tafin hannu. Gaban direba ya faɗi, yana tsammani an ƙara ɓata masa mota. Amma hikimar ita ce, sabuwar faiba ba ta narkewa ta haɗu da tsohuwa, mannewa kurum ta ke yi, sabo da haka gwargwadon faɗin wurin gwargwadon ƙarfin kamun. Duk wannan aiki da takunkumi a hanci, da tabarau, da safar hannu a ke yinsa, don ƙurar gilashi tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar da huhu.

Aka share wurin da asiton, aka yanka ƙyallen zaren gilashi gida huɗu, ko wane bai kai na gabansa girma ba. Sa'an nan aka zo haɗin ruwan. Maganin da ke daskarar da shi kaɗan a ke sawa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, watau kamar cokalin shayi 2 a lita guda in ana zafi. In ya yi kaɗan ruwan ba zai daskare sosai ba. In ya yi yawa sai ya ɗau zafi, ya sandare a gwangwani kafin a yi amfani da shi. Ɗigonsa guda kuwa yana iya makantar da ido. Dattijo ba ya haɗa abin da ya wuce wanda zai ƙare cikin minti 10. Ya shafa ruwan, ya shimfiɗa babban ƙyalle, ya daddanna da buroshi har farinsa ya ɓace ya zama garai garai, ya kori kumfar iska duka, kana ya ɗora na biye. Da waje ya daskare aka yi wa ciki haka nan. Kashegari aka goge ya yi sumul, ba mai cewa ga inda tsaga ta ke.

Saura mahaɗa. Aka ɗaga gefen rufin kaɗan, aka shimfiɗa danƙon butil, wanda ba ya bushewa, tsakaninsa da leɓen ƙarfe. Aka kawo sababbin sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko wane aka ɗiga masa manni a raminsa. Direba ya karɓi sukudireba ya fara murɗawa da ƙarfinsa duka, sai dattijo ya riƙe masa hannu, ya ce, "Sannu, ɗana. In ka matse ƙwarai za ka tatse danƙon, ka kuma fasa faibar. Da ka ga ya ɗan leƙo, tsaya." Daga nan aka bi gefen duka da mannin foliyuretan, mai miƙewa, mai karɓar fenti. Shi wannan da laimar iska ya ke bushewa, sabo da haka a busasshiyar ƙasa ya kan yi nawa, sai aka ba shi kwana uku. Daga bisani aka fesa wa rufin farin fenti, don fatarsa ta waje, wadda kaurinta bai fi rabin milimita ba, rana ta riga ta cinye ta har tana barin gari a hannu. Fari kuma ya fi mayar da zafin rana.

Ran kwana na takwas aka sake kawo mesa. Direba ya zauna ciki da tocila rabin sa'a, yana jin ruwa na dukan rufi, yana bin ko wane lungu da yatsa. Ko ɗigo. Da ya zo biya, dattijo ya ce masa ko wace shekara, kafin ruwan fari, ya hau ya duba mahaɗar nan da idonsa, ya danna ta da farce, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin aikin duka bai kai rabin abin da ya biya na turamen Hajiya ba.

Da damina ta zagayo, wata Alhamis hadari ya haɗu tun da asuba. Hajiya ta zo tasha da dilolinta, ta tsaya tana duban farin rufin. Direba ya gaishe ta, bai roƙe ta ba, ya buɗe ƙofa kurum ya ce, "Hajiya, ki sa hannu ki taɓa silin." Ta taɓa, ta dubi sama, ta dube shi. Sa'an nan ta juya ta ce wa masu dako su sa dila ɗaya a nan, ɗaya a waccan motar. Aka yi ruwa tun daga Gezawa har Gumel. Mako na gaba duka biyun a motarsa aka ɗora.