Dajin Chamela, Inda Guguwa Ta Raba Aku Da Kogonsa

Motar haya ta baro Puerto Vallarta da hantsi, ta kama babbar hanya mai lamba 200 wadda ke bin gaɓar Tekun Fasifik zuwa kudu. Da muka gangaro wajen Tomatlán sai ƙasa ta sauya fuska. Watan Afrilu ne, rani ya kai intaha a wannan sashe na jihar Jalisco ta ƙasar Meziko. Tuddai sun yi furu-furu, itatuwa sun zubar da ganye ƙarƙaf. Wanda ya san dajin Falgore a bazara ba zai ji baƙunta ba, in ban da dogayen kaktus masu ƙaya da ke leƙowa tsakanin rassa. Ruwan da ke sauka a nan bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, kuma yawancinsa daga Yuli zuwa Oktoba ne.

Na nufi yankin gandun dajin Chamela-Cuixmala, mai faɗin hekta 13,142, wanda gwamnati ta keɓe a 1993. A cikinsa ne babbar jami'ar ƙasar, UNAM, ke da tashar bincike tun 1971. Ni dai ba ta ƙofar malamai na shiga ba. Wani dattijo manomi daga ƙauyukan gefen gandun ne ya yarda ya raka ni, da addarsa da gorar ruwa, muka bi wata busasshiyar ƙorama tun kafin rana ta ɗaga.

Cikin ƙoramar duniya daban ce. A kan tudu itatuwa gajeru ne, amma a kwari, inda danshi ke ɓuya a ƙarƙashin yashi, akwai manya masu riƙe ganyensu har cikin rani, irin su guayabillo da culebro da mojote. Sai dai ba ka yin taku ashirin ba ka tsallake gungume ba. Wasu an tumɓuke su da saiwa, wasu an karya su a tsakiya, kututturen na tsaye, sabbin rassa sirara sun fito masa ta ko'ina.

"Aikin guguwar Patricia ne, amigo," in ji dattijon, yana dukan wani gungume da bayan adda.

Kafin ita, guguwar Jova ta sauka a wannan gaɓa ranar 12 ga Oktoban 2011, da iska mai gudun kimanin kilomita 160 a sa'a. Daji bai gama farfaɗowa ba sai ga Patricia, da yammacin Juma'a 23 ga Oktoban 2015. Tana kan teku iskarta ta kai kilomita 345 a sa'a, ƙarfin da ba a taɓa auna irinsa ba a wannan ɓangare na duniya. Ta ɗan yi laushi kafin ta taka ƙasa daf da Cuixmala, amma laushin nata kilomita 240 ne a sa'a. Da yake ta kauce wa biranen Puerto Vallarta da Manzanillo, labarai suka ce Meziko ta tsallake rijiya da baya, 'yan jarida suka naɗe kayansu. Mutanen ƙauyukan Chamela da Emiliano Zapata, waɗanda suka wayi gari ba rufi a kansu, ba haka suka gani ba. Wani abin mamaki, masana yanayi sun ce da yawa daga guguwoyin waɗannan tekuna asalinsu hadari ne da ke tasowa daga Afirka ta Yamma, ya ƙetare Tekun Atlantika.

Muna cikin tafiya sai dattijon ya ɗaga hannu. Kuka ne mai kaushi daga sama, sai ga aku biyu sun gifta, fiffike na kaɗawa da sauri, suka sauka can ƙololuwar wata bishiya. Da tabarau mai jawo nesa na gan su sosai: jiki kore, goshi ja mai duhu, saman kai launin shunayya. Wannan aku, Amazona finschi a bakin masana, asalin mazauninsa yammacin Meziko ne kaɗai, kuma yana cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu. Dakta Katherine Renton ta jami'ar UNAM ta shafe shekaru masu yawa tana bibiyar sheƙoƙinsa a nan.

Matsalar akun ita ce ba ya iya sassaƙa wa kansa gida. Sai ya samu kogo a shirye, wanda ruɓewar reshe ko maƙwaƙwafi ya fara, mai zurfi, can sama inda maciji da ɓarawo ba za su kai da sauƙi ba. Irin wannan kogo sai a tsohuwar bishiya mai kauri, kuma tsohuwar bishiya mai rami a ciki ita iska ke fara kayarwa. Macen kan saka ƙwai 2 ko 3 wajen Fabrairu, ta kwanta a kansu kusan wata guda, 'ya'yan su yi kamar wata biyu a ciki. Duk wannan a tsakiyar rani ne, lokacin da abinci ya rage ga ƙwayar 'ya'yan itatuwan kwari. Guguwa tana zuwa a Oktoba, ba ta tarar da ƙwai ko ɗa a sheƙa ba. Ɓarnarta sai Fabrairu take bayyana, sa'ad da aku ya dawo ya iske kogon bara a ƙasa, rassan da za su yi fure su ba da 'ya'ya kuma an kakkarye su.

Dattijon ya ce damina ɗaya ta isa ta mayar da tuddan nan kore shar, har baƙo ya rantse ba abin da ya faru. Gaskiyarsa, domin itatuwan busasshen daji sun saba da wahala, suna toho daga kututture. Amma toho ba ya zama gidan aku sai bayan gomman shekaru. Ƙaramin ɗan'uwansa mai goshi ruwan lemo ya fi shi sauƙi, don shi a gidan gara da ke manne jikin bishiya yake haƙa nasa ramin. Ga kuma busassun gungumen da ke jibge, masu jiran tartsatsi ɗaya daga gonar da ake ƙonawa.

Da muka zauna shan ruwa na tambaye shi ko mutane na ɗibar 'ya'yan aku.

"Da ƙuruciyata kowane gida da kejinsa," ya ce. "Idan hannu bai kai ba, sai a fasa kogon da adda."

Kogon da aka fasa ya tashi aiki ke nan, ko da guguwa ko babu. Meziko ta haramta kamawa da sayar da akun ƙasarta a 2008, amma fataucin ɓoye bai mutu ba.

A hanyar fita zuwa Barra de Navidad na lura da kwaruruka da aka share, an mayar da su makiyayar shanu da gonakin gwanda da mangwaro. Ƙasar kwari ta fi albarka, shi ya sa ita ake fara sarewa, ita ce kuma mai manyan itatuwan da aku ke nema. Gandun ƙarami ne, Patricia ta ratsa shi a yammaci guda. In ba a bar tsofaffin itatuwa tsaye a ƙoramun da ke wajensa ba, guguwa ta gaba za ta bar akun nan ba inda zai koma ya yi ƙwai.