Ranar Da Wasiƙun Ofis Suka Ɓace

A shekarar 2014, da Microsoft ya daina kula da Windows XP, maigidanmu ya ce a sauya mana da Windows 7. Wani yaro ya zo ranar Asabar ya yi aikin. Litinin da safe na kunna kwamfuta, na nemi Outlook Express sama da ƙasa, babu shi babu dalilinsa. Ashe Windows 7 ba ya zuwa da shi.

Gabana ya faɗi. Wasiƙun shekara takwas ne a ciki, har da wadda wani ɗan kwangila ya amsa cewa ya karɓi kuɗinsa, ga shi yanzu yana musu. Maigida ya leƙo ya ce, "Malam, ka fito min da ita kafin azahar." Na ce, "To, ranka ya daɗe," alhali gumi ne ke keto min.

Na kira yaron. Allah Ya taimake ni, ya kwafe tsohon faifan kafin ya goge. Muka tono fayiloli masu ƙarewa da .dbx, inda Outlook Express ke ajiye wasiƙu, muka shigar da su Windows Live Mail. Wasiƙar ta fito, ɗan kwangila ya yi gum.

A ƙasanta sai ga saƙon abokin aikina marigayi, yana tsokanata kan bashin shayi na naira 50. Allah Sarki! Da aka tashi na biya ta gidansu, na ba ɗansa kuɗin. Allah Ya jiƙansa.