Wayar Da Ta Yi Ƙara Sau 24

 Na san wadda ta saba da rubutuna za ta buɗe shafin nan tana jiran maganar kishiya ko ta uwar miji, to yau dai sai ku yi mini haƙuri, zancen fim na zo mana da shi. Kuma ba na Indiya ba ne, ba namu na Hausa ba, fim ne na Turawa, na 'yan daba da masu fasa-ƙwaurin giya, irin wanda da ko tsayawa ba na yi idan na tarar maza na kallo a falo. Ƙanin maigidana ne ya tura mini shi a waya, ya ce, "Anti, ke da kike rubuta littafi, ki daure ki kalli wannan." Na ce masa ni ina ruwana da harbe-harbe. Ya ce in dai kalla. Dare uku na yi kafin in kai ƙarshe, bayan yara sun yi barci, don tsawonsa awa 3 ne da minti 49.

Sunan fim ɗin Once Upon a Time in America, wato kamar dai a ce "a wani zamani can a Amurka", irin yadda ake buɗe tatsuniya. Ya fito a 1984. Wanda ya shirya shi Ba'italiye ne, Sergio Leone, kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe, ya rasu a 1989. Daga wani littafi ya ɗauko labarin, mai suna The Hoods, na Harry Grey. Tun daga nan zan faɗa miki, 'yar uwa, ba fim ba ne na kallo da yara, akwai wuraren da ni kaina sai da na tura gaba.

Farkonsa ya so ya ƙure ni. Ana nuna wani mutum kwance a ɗakin da 'yan China ke sayar da wani hayaƙi mai sa maye, sai wayar tarho ta fara ƙara. Ta yi, ta yi, ta kuma yi. Hoto yana canzawa, ana nuna gawarwaki uku a kan titi cikin ruwan sama, ana nuna wurin shagali, ita kuwa wayar ba ta fasa ba. Har hannu ya ɗaga kan wata wayar, na ce to alhamdu lillahi, sai na ji ƙarar tana nan daram. Daga baya na koma na ƙirga, sau 24 ta yi. Ashe ba a ɗaki take ƙara ba, a cikin kan mutumin take. Wata waya ce da ya buga wa 'yan sanda da hannunsa, ita ce ta ƙi barinsa.

Mutumin nan shi ne Noodles, wanda Robert De Niro ya fito a matsayinsa. Yaran Yahudawa ne 'yan talakawa da suka tashi a wata matsattsiyar unguwa a birnin Niyok, shi da Patsy da Cockeye da ƙaraminsu Dominic, suna 'yan sace-sace, suna lalube aljihun bugaggu. A wajen satar agogon aljihun wani bugagge ne suka haɗu da Max, baƙo a unguwar, wanda ya riga su ɗauke agogon da wayo. Daga nan abota ta ƙullu. Max ɗin da ya girma James Woods ne, kuma wallahi in kin ga idon mutumin nan kin san ba ya barci da zuciya ɗaya.

Ɓangaren yarintar nan shi ya kama ni. Akwai inda Patsy ya tattara 'yan kuɗinsa ya sayi kek mai kirim a kai, zai kai wa wata yarinya don ta kula shi. Ya ƙwanƙwasa aka ce tana wanka, ya jira. Ya zauna a matakala, kek na gefensa a naɗe a takarda. Ya dube shi. Ya sa yatsa ya lakato ɗan kirim da ya maƙale a jikin takardar, ya lashe, ya mayar ya rufe. Ya sake buɗewa. Kafin yarinya ta fito, malam ya tashi da kek ɗin kaf. Babu magana ko ɗaya a wurin, amma na yi dariya har na ji ƙwalla, don a nan ne za ki gane duk rashin jin nan da suke yi, yara ne kawai masu jin yunwa. Ni da nake cika shafi 3 ina bayanin halin mutum, sai ga wani ya gama da kek ɗaya.

Sai suka fara samun kuɗi. A lokacin gwamnatin Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 har zuwa 1933, don haka fasa-ƙwaurinta ya zama hanyar arziki. Yaran suka kawo wa manya wata dabara, a ɗaura wa akwatunan kaya buhunan gishiri, idan jami'ai suka biyo jirgin ruwa sai a watsa su a ruwa su nitse, in gishiri ya narke sai su taso sama a kwashe. Da kuɗi suka shigo sai su biyar suka yi alkawari, rabin duk abin da aka samu za a riƙa zubawa a wata jaka, a kulle ta a ma'ajiyar tashar jirgin ƙasa, mabuɗi kuma a ba abokinsu Fat Moe, ba zai ba kowa ba sai in suna tare gaba ɗaya. Suna dawowa daga wannan ajiyar, cikin sababbin kaya, Dominic na gaba yana tsalle-tsalle, ga wata ƙatuwar gada a bayansu, sai abokin gabarsu Bugsy ya ɓullo ya harbe yaron. Noodles ya daɓa wa Bugsy wuƙa, ya soki ɗan sanda, aka ɗaure shi shekara 12. Da ya fito, Max ne ya zo ɗaukarsa a ƙofar kurkuku, da motar ɗaukar gawa.

To amma ni mace ce, kuma idona yana kan Deborah tun fitowarta ta farko. Ƙanwar Fat Moe ce, tana koyon rawa a ɗakin ajiyar gidan abincin mahaifinsu, cikin buhuna da ƙurar fulawa, Noodles yana leƙenta ta wata kafa a bango. Ta san yana leƙe. Jennifer Connelly ce ta yi yarintar, Elizabeth McGovern ta yi girman. Yarinyar nan tana son Noodles, amma ta san inda ta dosa a rayuwa, ta kuma san ɗan titi ba zai kai ta can ba. Ranar da suka samu keɓewa na farko, sai ga muryar Max daga waje yana kira. Ta yi masa gatse, ta ce ya tafi uwarsa na kira. Ya kuwa tafi. Wadda duk ta taɓa zama da namijin da abokai suka fi ta daraja a wurinsa, ta san wannan tashin da ya yi. Aka lakaɗa musu duka a lungu, ya dawo jina-jina yana buga ƙofa, tana tsaye a ciki tana ji, ta ƙi buɗewa. Ban ga laifinta ba.

Bayan sun girma ya yi kuɗi, sai ya kama wani ƙaton gidan abinci a bakin teku su biyu kaɗai, da makaɗa da masu hidima. A daren ta faɗa masa gobe za ta tafi Hollywood neman sa'arta a harkar fim. A hanyar komawa, a cikin mota, ya yi mata fyaɗe. Ba zan tsawaita ba. Direban da kansa ya tsayar da motar, Noodles ya miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ja ya kai ta gida. Washegari Noodles ya je tasha, ta hango shi ta tagar jirgi, ta ja labule. A nan na kashe waya a dare na biyu, na ce ni da mutumin nan haihata-haihata.

Na dawo dai a dare na uku. Da aka janye dokar giya a 1933 kasuwarsu ta mutu, sai Max ya ce babban bankin gwamnati za su fasa, abin da kowa ya san kashe kai ne. Carol, budurwar Max, ta roƙi Noodles ya tona musu asiri a kan wani ƙaramin laifi, gara ɗauri na ɗan lokaci da kabari. Shi ne ya buga wayar nan. Maimakon kame sai aka yi harbi, aka jera gawa uku, ɗaya ta ƙone ba a gane fuska. Ya ruga tasha ya buɗe jaka, ba kuɗi, sai tsofaffin jaridu. Ya sayi tikiti ya gudu Buffalo da sunan ƙarya, ya zauna shekara 35 yana ganin shi ya kashe aminansa.

A 1968 wata takarda ta kira shi Niyok, ya dawo da furfura. Kiɗan da Ennio Morricone ya yi wa fim ɗin, musamman sarewar nan, shi ke ɗaukar mai kallo daga tsufa zuwa yarinta ya dawo da shi ba tare da ya ɓata ba. Da aka kai fim ɗin gidajen sinima na Amurka sai masu rarrabawa suka yanke shi zuwa minti 139, suka jera labarin daga yarinta zuwa tsufa kai tsaye, ya kuwa faɗi warwas a kasuwa. Ai dole. Wannan kai-da-komon na tunani shi ne fim ɗin.

Abin da ya tarar, in ba ki son a ɓata miki kallo to ki tsallake nan. Max bai mutu ba. Shi ya shirya komai, ya sayar da abokansa biyu, ya kwashe kuɗin jaka, ya canza suna ya zama Bailey, babban sakatare a gwamnati. Deborah ma tana tare da shi. Yanzu bincike ya taso masa, ya san kashe shi za a yi, shi ne yake son Noodles ya yi da hannunsa. Ya fito da tsohon agogon nan ya nuna masa. Noodles ya ƙi. Ko sunan Max ya ƙi kama masa, Bailey yake ta ce masa, wai shi abokinsa ya mutu tuntuni. Ya fita ta ƙofar baya, sai ga motar kwasar shara ta wuce, wani mai kama da Max ya bi gefenta, ba a sake ganinsa ba.

Mutane da yawa nan suke tsayawa suna jinjina cin amanar Max. Ni kuwa abin da ya hana ni barci daban ne. Mutumin nan ya yi shekara 35 yana cizon yatsa a kan wayar da ya buga da niyyar ceto, wadda ma ashe tarko aka ɗana masa. Amma abin da ya yi wa Deborah da gangan, da ƙarfinsa, wannan ban ji wata ƙararrawa tana binsa a kansa ba. Da suka haɗu a tsufa, tana zaune gaban madubi tana goge kwalliyar wasa daga fuskarta, na kasa kunne ko zai ce ta yafe masa. Bai ce ba. Tambayoyi ya zo da su a kan Bailey. Rashin abokai shi aka yi wa, don haka ya yi masa ciwo. Na cikin mota kuwa ita aka yi wa.

Ina cikin tsine masa sai na tuna da tawa. Ina da aminiya tun firamare, asusu ɗaya muke tarawa, ankon sallah iri ɗaya. Muna aji 5 na sakandare wani mai mota ya fara tsayawa mata a bakin layi, sai ta riƙa cewa a gida ta tafi gidanmu karatu. Tsoro ya kama ni, na je na faɗa wa yayanta. Ba a rufa wata 3 ba aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita ga wani can daban. Yau shekara 17 ke nan ba ta ce mini ci kanki ba. Duk tsawon lokacin nan, in na ba da labarin, cewa nake yi ni aka juya wa baya, ni da na yi don Allah. Kukan rashin ƙawa nake yi. Ban taɓa zama na yi kukan jarrabawar da ba ta rubuta ba, ita da take koya mini lissafi. Kuma in zan faɗi gaskiya tsakanina da ke, ban sani ba ko tsoron ne kaɗai ya kai ni wurin yayanta, ko har da haushin ta samu wanda take ba sirrinta ba ni ba.

Fim ɗin ya ƙare ne a 1933, a ɗakin hayaƙin nan, Noodles ya kwanta ya zuƙa, sai ya washe baki yana murmushi, hoto ya tsaya a kan fuskarsa. Wasu na cewa duk abin da aka nuna na 1968 mafarkinsa ne, wai ya ƙirƙiro Max maci amana don ya wanke kansa. Ban so wannan fassarar ba da farko, yanzu kuwa ba na iya ture ta.

Bara a wajen wani biki na samu lambar ƙawar tawa a hannun wata 'yar ajinmu. Tana nan a wayata, na ajiye ta da sunan da nake kiranta muna yara. Daren da na gama fim ɗin, wajen ƙarfe 11, na danna. Ta shiga. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, a na uku na katse.