Abin da cajar batir ta koya mini

Tun ina yaron shago a wajen maigidana mai gyaran kayan wuta a Sabon Garin Kano nake jin kuka iri ɗaya daga masu batir: sabo ne, ko shekara bai rufa ba, ga shi ya kumbura. A zagi mai sayarwa, a ce jabu ya bayar. Sai da na daɗe a sana'ar na gane cewa sau da yawa caja ce take kashe shi.

Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, batir kuwa ba ya karɓar wuta sai mai tafiya hanya guda. Cajar da muke haɗawa a da ba ta wuce taransifoma mai rage ƙarfin wutar da dayod huɗu masu miƙar da ita ba. Tana aiki, amma ba ta sanin batir ya ƙoshi. Batirin mota ko na inbata mai bolt 12 so yake a kai shi wajen 14.4, a riƙe shi a nan har abin da yake ja ya ragu, sannan a sauko da shi kusa da 13.6. In aka ci gaba da ɗura masa, ruwansa zai riƙa ɓararraka yana rabuwa zuwa iskar haidurojin da oksijin, farantan ciki su bushe. Haidurojin ɗin nan tartsatsi kaɗan yake jira ya kama.

Da na buɗe nawa shagon ne abin ya zama mini jarrabawa. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ƙara mini ƙarfin cajar nan, wutar unguwarmu ba ta daɗewa." Sai in ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, batirin da aka rubuta wa 200 bai kamata ya sha fiye da amfiya 20 ko kusa da haka ba." Ƙa'idar maigidana ke nan, Allah ya jiƙansa: kashi ɗaya cikin goma. Wasu su tashi su tafi inda za a yi musu yadda suke so, a ranar da ni kuwa ko kuɗin cefane ban haɗa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma na san abin da magidanci yake tarawa kafin ya sayi batir, ba zan iya karɓar kuɗinsa in miƙa masa abin da zai ƙona shi ba.

Ɗan uwa, in za ka sayi caja, ka nemi wadda take rage wuta da kanta idan batir ya cika. Ka ajiye batirin inda iska take shiga, kuma in ruwansa ya yi ƙasa, kada ka zuba masa na famfo ko na rijiya, sai tataccen ruwan batir.