Murhun Turawan Kuza

Kwana biyu kun ji ni shiru, wani aiki ne ya riƙe ni a gida.

Gidanmu na Bukuru tsohon gidan Turawan kuza ne, ginin dutse. Kakana ya saye shi bayan farashin kuza ya karye a 1985. A falo akwai murhun jin ɗumi, amma tun kafin a haife ni aka toshe bakinsa da bulo, aka shafe da siminti. Mu dai mun taso mun ga talabijin a gabansa.

Duk wanda ya taɓa kwana a Filato cikin Disamba ya san abin da ake kira sanyi. Hajiya kakata takan shiga ɗaki da kaskon gawayi, ta rufe ƙofa da taga. Bara, wata asuba, muka same ta tana amai, kai na sara, ko tsayuwa ba ta iyawa. Likita ya ce gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Allah ne ya yi da sauran kwana.

Na ce da Baba mu buɗe murhun nan. Ya ƙi. Tun rikicin 2010 bai ƙara kashe ko sisi a gidan ba, kullum zancensa a sayar a koma Kano. Ni kuwa nan aka yanke mini cibiya, Kano sai da salla. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce, "Mahaifinka yana kwance a maƙabartar garin nan, ina za ka kai ni?"

Maginin da na samo wani dattijo ne Birom, wanda ya koyi aiki wajen mahaifinsa a irin waɗannan gidaje. Ni ina ɗokin ɗaukar guduma, ya ce, "Yaro, daga sama ake farawa." Ashe an rufe kan bututun hayaƙin da falalen dutse. Muka ɗaga shi, muka zura buhu cike da yashi a igiya, muna ja muna saki. Da muka fasa bulon, abin da ya zubo ya cika baro uku: kunkunniya, sheƙar tsuntsaye, har da busasshen jemage.

Inda duwatsu suka saki bai yarda a sa siminti ba, wai wuta na fasa shi. Laka da yashi ya kwaɓa, muka jira mako guda ta bushe. Sannan ya kunna tsohuwar jarida a ciki. Hayaƙin ya ɗan yi jinkiri, gabana na faɗuwa, can sai ya miƙe sama.

Yanzu busasshen itacen turare muke sawa, muna barin taga ɗaya a ɗan buɗe. Hajiya ta dawo da tabarmarta falo. Baba bai ce komai ba har yau, amma shekaranjiya na ji shi yana tambayar dattijon nawa za a kashe a sake kwanon rufin kicin.