Kunnuwa a Ƙarƙashin Tekun Sendai

Uwargida, in Allah ya kai ki Sendai a Japan, ki leƙa Arahama, bakin teku. Za ki tarar da makarantar firamare tsaye ita kaɗai. Ambaliyar tsunami ta share gidajen unguwar ranar 11 ga Maris 2011, mutum 320 suka tsira a samanta.

Ki dubi ruwan nan kwance. A ƙasansa, daga Hokkaido zuwa Chiba, an jera na'urori 150 masu sauraron motsin ƙasa, kamar yadda nake sauraron ƙirjin jariri a asibiti. Suna iya gano tsunami har minti 20 kafin tsofaffin na'urori. Ke kin san abin da uwa za ta yi da minti 20: ta goya ƙaramin, ta ja babban, su hau bene.