Ranar da localhost ya kusa kunyata ni a gaban Farfesa

Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, amma wataƙila ya tsare wani daga abin da ya same ni.

Ina digiri na biyu a nan Ibadan. Aikin bincikena wata 'yar manhaja ce da na rubuta da Python, Streamlit ke nuna sakamakonta a shafi. Laftof ɗina tsohuwa ce, da na ɗora mata aiki sai ta ɗau zafi ta daskare. Shi ya sa na koma GitHub Codespaces: ana ba ka aron kwamfuta a can nesa, kai kuma kana sarrafa ta daga burawuza.

Ana saura kwana biyu in nuna wa sufabaiza aikin, na kunna manhajar, ta rubuto min localhost:8501. Na kwafe shi haka nan na tura wa Farfesa a WhatsApp, har da fatan ya duba idan ya samu sarari. Amsarsa gajera ce: "Babu abin da ya buɗe."

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Ga kuɗin makaranta da Baba ya sayar da buhunan masara ya haɗa min, ga shi idan wannan zama ya wuce ni sai wani zangon. Kuma girman kai ya hana ni tambaya, wai ni ɗan mastas.

Washegari bayan Isha'i a Sabo, wajen mai shayi, na haƙura na nuna wa wani ƙanenmu ɗan Gusau da ke aji uku. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai localhost ma'anarsa 'gidana'. Kowace kwamfuta ta ji shi, kanta take nufi. Ka tura wa Farfesa, wayarsa ta shiga neman manhajar a cikin kanta."

Nan na gane. Manhajata ba ta kan laftof ɗina, ba ta kan wayar Farfesa, tana can kan kwamfutar aro. Ita kuwa 8501 lambar ƙofar da take zaune ce, kamar yadda Flask ke zama a 5000, Jupyter a 8888. Tsakaninka da ƙofar akwai furoksi, wato ɗan aike: yana karɓar buƙatarka, ya kai ciki, ya dawo maka da amsa. Adireshin ɗan aiken ake turawa, wanda ke ƙarƙashin Ports, mai ƙarewa da 8501.app.github.dev.

Saura abu ɗaya. Ƙofar a kulle take zuwa, mai ita kaɗai ke shiga bayan ya shiga asusunsa. Sai ka mayar da ita Public kafin wani ya gani. Muka yi, muka gwada a wayarsa, ta buɗe. Na kwanta da murna.

Da safe a ofishin Farfesa, aka danna adireshin, shiru. Gumi ya keto min duk da fanka. Ashe idan ka bar kwamfutar aron minti 30 ba ka taɓa ta ba, tsayawa take yi, manhajar ma ta mutu. In ka sake tayar da ita kuma, ƙofar komawa take a kulle. Na roƙi minti biyar, na kunna hotsfot ɗina, na tayar da ita, na sake kunna Streamlit, na buɗe ƙofar. Da jadawalin farko ya bayyana, Farfesa ya gyara gilashi ya ce mu ci gaba. Alhamdulillah.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai daga baya ya zo. A cikin manhajar akwai amsoshin mutanen da na yi wa tambayoyi, na kuma yi musu alkawarin sirri. Ƙofar Public ba ta tambayar kowa suna, duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai shiga. A daren farko na bar ta a buɗe na tafi barci. Amana ce na yi wasa da ita ban sani ba. Yanzu bayanan gwaji nake sawa in zan nuna wa wani, kuma ina gamawa nake kullewa.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa: kar ka tura localhost wa kowa. Gwada adireshinka a wayar wani, ba taka ba. Tayar da komai minti goma kafin a kira ka. Ka kulle ƙofa in ka gama. In kuma abu ya shige maka duhu, tambayi ko ɗan aji ɗaya ne. Ni kofin shayi ɗaya ya fitar da ni.

Masu difens a wannan zangon, Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.